Yadda ake bibiyar girman bakwaini daga asibiti har ya shekara biyu

Jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 32, girman da ƙwaƙwalwarsa ya kamata ta yi a mahaifa a waje za ta yi shi. Shi ya sa ƙibar makonnin farko take da alaƙa da zamansa da tafiyarsa da maganarsa a gaba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, kan jariran da ba su wuce kilo ɗaya ba, ya gano cewa waɗanda suka fi saurin ƙaruwa a asibiti sun fi tsira daga shanyewar jiki da jinkirin fahimta da aka duba su a wata 18 zuwa 22.

Matakin farko shi ne awo, a rubuce. A makon farko bakwaini yakan rame, ya zubar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa, ya mayar cikin mako biyu zuwa uku. Daga nan ana son ya riƙa ƙara giram 15 zuwa 20 kan kowane kilo a kullum. Mai kilo ɗaya da rabi ke nan zai ƙara wajen giram 160 zuwa 210 a mako. A auna shi tsirara, a kan sikeli ɗaya. Kan jaririn kuma, wanda aka fi mantawa da shi, a zagaya shi da tef ta saman gira zuwa tudun ƙeya sau ɗaya a mako. Ƙarin da ake nema ya kusa santimita ɗaya. In kan ya tsaya, abinci bai isa ba ko akwai ciwo. In ya yi ta zarcewa, maɗiga ta kumbura, ana iya samun ruwa ya taru a ƙwaƙwalwa, sai likita.

Na biyu, nono. Tsotso da haɗiya da numfashi ba sa daidaituwa sai wajen mako 32 zuwa 34, don haka uwa ta tatsa aƙalla sau takwas a yini, har da dare, a ba shi ta robar hanci ko ƙaramin kofi. Idan cikinsa ya karɓa, ana kai shi mililita 150 zuwa 180 kan kowane kilo a yini. Ga mai kilo ɗaya da rabi, wajen mililita 20 ke nan duk awa biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran ya yi kuka. Bakwaini barci yake yi da yunwarsa, tashinsa ake yi. Kada a zubar da dakashi, kada a ba shi ruwa ko jiƙo ko rubutu: cikin ɗan mitsitsi ne, duk abin da ya shiga ya tare wurin nono, ga haɗarin ƙwayoyin cuta. Maganin ƙarin jini kuwa sai yadda likita ya rubuta.

Na uku, ɗumi. Jaririn da ke jin sanyi nononsa a ɗumama jiki yake ƙarewa, ba ya ƙiba. Maganinsa goyon ƙirji, wanda aka fara a Bogota ta Kolombiya a 1978. A sa masa hula da safa da nafkin kawai, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwan uwa, fata da fata, kai ya juya gefe kuma ya ɗan ɗaga don hanyar iska ta buɗe, a ɗaure da zane daidai ƙasan kunnensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awa 8 zuwa 24 a yini. Uba ko kaka na iya karɓar uwa. Zafin jiki ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Celsius. A hunturu a jinkirta wanka, a goge shi da tsumma mai ɗumi, kuma kada a hura gawayi a ɗakin.

Sai lissafin watanni, inda iyaye suka fi tayar da hankalinsu a banza. A cire makonnin da ya rage ciki ya cika 40. Wanda aka haifa a mako 30, ranar da ya cika wata shida, ɗan kusan wata huɗu ne, kuma da sa'o'insa 'yan wata huɗu za a gwada shi. Ana wannan ragi har shekara biyu. Rigakafi kuwa da ainihin ranar haihuwa ake bi.

Da wannan lissafin, a koma asibiti in bai yi murmushi ba a wata uku, bai riƙe wuya ba a wata huɗu, bai zauna shi kaɗai ba a wata tara, ko bai taka ba ko bai furta kalma ba a wata 18. Haka in ƙafafu suna sanƙarewa suna harɗewa kamar almakashi, ko yana amfani da hannu ɗaya kawai kafin shekara. Gashin ƙashi da wuri ya fi amfani. A nemi gwajin ji, da duban ido wajen mako huɗu da haihuwa, domin cutar ido ta bakwaini ba ta nuna alama sai ta yi ɓarna.

Ƙin shan nono, jijjiga, jiki ya yi sanyi, numfashi sama da 60 a minti, ko ɗaukewar numfashi na daƙiƙa 20, waɗannan ba a jiran gari ya waye.