Ku daina kashe tsofaffin gidajen Galena da siminti

Garin Galena na jihar Illinois a Amurka ƙaramin gari ne, amma cike yake da manyan gidajen jan bulo na zamanin Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Akwai gidan Belvedere da aka gina a 1857, akwai gidan da mutanen garin suka ba Janar Ulysses Grant, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, kyauta a 1865. Na gaji da ganin sababbin magina suna taɓa irin waɗannan gidaje kamar ginin jiya.

Babban laifin shi ne siminti. Bulon wancan zamani laushi gare shi, kuma da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka jera shi. An so kwaɓin ya fi bulo laushi, don danshi ya riƙa fita ta tsakanin layuka. Ka cusa siminti a wurin, ka toshe wa ruwa hanya, sai ya koma cikin bulo. Hunturu ya zo, ruwan ya daskare ya kumbura, fuskar bulo ta fashe ta zube. Duk wanda ya ga yadda shafen siminti yake ɓarewa daga ginin ƙasa ya san zancen.

Wannan ya taɓa cinye mini ribar aiki gaba ɗaya. Na bar wani yaro da bangon arewa na wani gida, ya ga kwaɓin farar ƙasa yana jinkirin bushewa, sai ya ƙara siminti bai gaya mini ba. Da sanyi ya wuce, maigidan ya kira ni. Da kurfi da guduma muka bi layi-layi muna ƙwaƙulewa, kuma daga aljihuna na nemo tsohon bulo na maye wanda ya lalace. Haba! Gaggawar me ake yi da gidan da ya haura shekara 150 a tsaye? Tun daga nan ni nake kwaɓawa da hannuna, kuma bana fara wannan aiki idan kaka ta yi nisa.

Na biyu, wanke bango da injin fesa yashi. Yana kankare ɓawon bulo mai tauri, ya bar cikinsa a buɗe ga ruwan sama, kuma ba ya gyaruwa. Ni ruwa da buroshi mai laushi kawai nake amfani da su, ko da wasu na ganin ɓata lokaci ne.

Kada ka goge tsohon fenti a bushe, akwai dalma mai guba a ciki, sai 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen Amurka. Kada ka cire tagar katako ka sa ta roba, kafinta zai iya gyara ta. Gidan salon Italiya mai dogayen tagogi da tokaren ado ƙarƙashin rufi ba ya buƙatar hasumiyar da ka gano a wani gida. Duba indararo kafin ka zargi bango. Kuma kafin ka canja komai a fuskar gida, je ka karɓi izinin hukumar adana tarihi ta garin.