Yadda ɗalibin injiniyan makanikal zai zaɓi manyan kwasa-kwasan fiziks

Idan sashenka ya ba ka damar ɗaukar kwas na zaɓi daga sashen fiziks, kada ka bi ƙaurin sunan kwas, ka fara tambayar kanka irin aikin da kake son hannunka ya iya bayan shekaru 5 na karatu.

Shawarata ita ce ka sa kwas ɗin makaniks mai zurfi a gaba, wanda ake koyar da hanyar Lagranj, wato wata dabarar lissafin motsi, a cikinsa. A shekarun farko an koya maka dokokin Niyuton, inda kake zana kowane ƙarfi da kibiyarsa, amma da zarar inji ya tara gaɓoɓi masu motsi, kamar fistin da sandarsa da karanshaf, sai zanen ya cakuɗe. Hanyar Lagranj tana farawa ne daga makamashin motsi da makamashin da ke ajiye, lissafin kuma ya warware da kansa. Wanda ya iya ta ba zai sha wuya a darasin girgizar injuna ba.

Na biyu shi ne fiziks na daskararrun abubuwa, domin a nan za ka gane dalilin da ya sa ƙarfe ke tsagewa bayan dogon aiki, abin da masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai ke fama da shi. A nan ne kuma za ka fahimci farantin sola: ana auna ƙarfinsa a digiri 25 na zafi, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100. Duk wanda ya taɓa faranti a kan rufi da azahar a watan Afrilu a Kano ya san wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Kwantum kuwa, wato fiziks na ƙwayoyin zarra, ilimi ne mai daɗi, sai dai ka bar shi in ba bincike kan sababbin kayan ƙira kake nufi ba.

Kafin rajista, ka nemi kodinetan ajinku ya tabbatar maka za a lissafa kwas ɗin cikin yunit ɗinka, ka kuma duba ko ka ci lissafin da aka shardanta. Ɗaliban Jami'ar Bayero su lura da jadawali sosai, tunda sashen injiniya na sabon mazaunin jami'ar, na fiziks kuma na tsohon, kuma lakcar da ta biyo bayan wata babu tazara, ba za ta jira motar ɗalibai ba.