Kafin ku ɗauki hotunan gina siffar 3D

Jama'a, masu amfani da Meshroom ko COLMAP, manhajojin da ke haɗa hotuna su gina siffar 3D ta abu, ku zagaya abin da kuke ɗauka da ƙafa. Kada ku tsaya wuri ɗaya kuna juya kyamara, domin manhajar tana gano zurfi ne daga bambancin wuraren da aka tsaya. Kowane hoto ya maimaita kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na wanda ya gabace shi, ku riƙa matsawa kamar digiri 10. Ku kulle zum, ku kashe filasha.

Gilashi da ƙarfe mai sheƙi kuwa ramuka suke fitarwa a jikin siffar, saboda ƙyallinsu yana sauya wuri daga hoto zuwa hoto. Ku barbaɗa musu hoda. Ku ajiye rula a gefe, manhajar ba ta san ainihin girman abu ba.