Yadda Malami Zai Koya wa Ɗalibai Gwada Ra'ayoyi Kan Ɓoyayyen Makamashi

Malamin kimiyya a makarantar ƙauye, a yankin Ringim ko Gumel, yana da abin da na birni ya rasa, wato dare mai duhu sosai. A samo tocila uku iri ɗaya masu sabon batir, a tsayar da ɗalibai uku da su a filin makaranta bayan sallar isha'i, a taki 50 da 100 da 200, sauran kuma su ƙiyasta nisan kowacce daga haskenta. Idan nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke saura.

Haka masana suka yi da wasu taurari masu fashewa waɗanda aka san ƙarfin haskensu. A 1998 ƙungiyoyi biyu suka tarar na nesa sun dushe fiye da zato, alamar cewa faɗaɗar sararin samaniya tana ƙara sauri, kuma wannan ya jawo wa Perlmutter da Schmidt da Riess kyautar Nobel a 2011. Abin da ke ingiza faɗaɗar shi ake kira ɓoyayyen makamashi, kimanin kashi 68 cikin 100 na abin da sararin ya ƙunsa.

Washegari a rubuta ra'ayoyi uku da ake da su kan ɓoyayyen makamashi a allo, kowanne da hasashensa, tun kafin a duba awo. A ganina nan ne zuciyar darasin. Idan ƙarfin ɓoyayyen makamashin ba ya canzawa, kamar yadda lambar da Einstein ya saka a lissafinsa a 1917 ta nuna, taurari za su ƙare makamashinsu, sararin ya yi sanyi da duhu. Idan yana ƙaruwa, zai iya yayyaga komai har ƙwayar zarra. Idan yana raguwa, faɗaɗar na iya lafawa.

Sai a maimaita gwajin tocila a daren da hazon hunturu ya sauka. Hasken zai dushe alhali nisan yana nan, ɗalibai su gane dalilin da ya sa awo ɗaya bai isa ba. Shi ya sa masana ke haɗawa da tsohon hasken farkon duniya da kumbon Planck ya auna, da kuma tazarar da ke maimaituwa tsakanin gungun taurari, kusan tafiyar haske ta shekara miliyan 490, wadda ke zama musu igiyar awon gona.

Sakamakon DESI, na'urar auna nisan gungun taurari da ke Arizona ta Amurka, na 2024 da 2025, ya karkata ga raguwar ƙarfin ɓoyayyen makamashin, amma bai kai matakin da masana ke ɗauka tabbaci ba. Kada Malam ya goge ko ɗaya daga ra'ayoyin uku. A sa ɗalibai su rubuta a ƙarƙashin kowanne irin awon da zai kayar da shi.