Darasi na Tara: Hadari Ya Haɗo, Kana Majalisa

Karatu

Ranar Asabar ce, a ƙarshen bazara. Tun safe ake zuba zafi, ganye ko motsi ba ya yi. Bayan la'asar muka haɗu a majalisa kamar kullum, a gindin darbejiyar da ke bakin shagon tela. Mu biyar ne. Biyu suna dara, ɗaya ya aiki yaro sayen tsire, ni da mai faci muna musu a kan ƙwallon da za a buga da dare.

Can sai tela ya ɗaga kai daga kan keke ya dubi gabas. Ya ce, "Jama'a, ku ga abin da ke tafe." Gabas ta yi jajir da ƙura, bayan jan kuma baƙi ƙirin. Ba a jima ba wata iska mai sanyi ta bugo mu, ledoji suka tashi sama.

Mai faci ya miƙe zumbur ya nufi babur ɗinsa. Dattijon da ke cikinmu ya riƙo rigarsa.

"Ina za ka?"

"Gida, Baba. Na bar shinkafa a shanya, awaki suna waje. Ga kwanon ɗakin yara tun bara yake ɗagawa."

"Daga nan zuwa gidanka minti nawa ne?"

"Ashirin, in na yi sauri."

"Wannan iskar ko biyar ba za ta ba ka ba. Kira uwargida a waya ta kwashe yaran zuwa ɗakinta. Shinkafa in ta jiƙe ta bushe."

Muka naɗe tabarmi muka shige masallacin unguwa, ginin bulo ne mai ƙarfi. Iska ta yi ta kaɗawa, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke muka fito, sai ga babban reshen darbejiya kwance daidai inda masu dara suka zauna. A hanyarsa ta komawa mai faci ya tarar da turken lantarki ya faɗo a titi, wayoyi cikin ruwa. Kwanon ɗakin yara kuwa a gidan maƙwabta aka tsince shi. Yaran suna ɗakin mahaifiyarsu, ko ƙwarzane babu.

Kalmomin da za a rubuta a allo: hadari, walƙiya, tsawa, aradu, turke, indararo, daƙiƙa.

Halin hadarin farkon damina

Daga watan Afrilu zuwa Yuni, kafin damina ta zauna, ƙasa ta sha rana ta bushe. Hadarin wannan lokaci ya fi na Agusta fushi. Galibi daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kuma iska ce ke gaba, ruwa na baya. Shi ya sa ake fara ganin ƙura, sannan a ji sanyi, sannan ɗigon farko ya sauka. Yawancin ɓarnar rufi a wannan iska ta gaba ake yin ta, wani lokaci ma ruwan ba ya wuce yayyafi.

Ba ƙauye kaɗai take taɓawa ba. A watan Yuni na 2018, ana cikin bukukuwan ƙaramar Salla, iska mai ƙarfi ta afka wa garin Bauchi. Ta yaye rufin gidaje, ta karya turakun lantarki, aka rasa rayuka. Sai da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je garin jaje.

Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma bayar da na yau da gobe. A Nijar ma hukumar yanayi ta ƙasa tana yin haka. Gidajen rediyo suna karantawa da Hausa. Mai shirin zuwa ɗaurin aure a wani gari, ko cin kasuwar ƙauye da abokai, ya saurara kafin ya hau mota.

Ɗan lissafi

Haske ya fi ƙara sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa muke ganin walƙiya tukuna, daga baya mu ji tsawa. Ƙara tana cin kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 1 a daƙiƙa 3. Da wannan za ka iya auna nisan hadari ba tare da wata na'ura ba. Da ka ga walƙiya, fara ƙirga a natse har ka ji tsawa, sai ka raba abin da ka samu gida uku. In ka ƙirga 15, tsakaninku kilomita 5 ne. In ka ƙirga 6, kilomita 2 ne.

Duk ƙirgar da ba ta kai 30 ba, aradu na iya sauka inda kake, ko da ruwa bai fara zuba a kanka ba. A shiga gini. Bayan an ji tsawa ta ƙarshe kuma, a ƙara minti 30 kafin a fito. Wannan jiran shi ya fi yi wa mutane wuya, domin gari ya yi sanyi, rai yana son fita. A daure.

Ina za a fake?

Abin da ya fi damuna a wannan darasi shi ne gindin bishiya. Mu mutanen inuwa ne. Majalisarmu a gindin bishiya take, mai shayi a can yake, masu jiran mota ma haka. To bishiyar da ta kare ka daga rana ita ce mafi haɗari idan hadari ya zo. Aradu ta fi sauka a kan abin da ya fi tsawo a wuri, kuma wutar kan bi jikin itace ta tsallako kan wanda ya raɓe shi, ko ta bi ƙasa ta shiga ta ƙafafunsa. Haka ake samun shanu da yawa sun mutu lokaci guda a ƙarƙashin itace ɗaya. Ban da wannan, reshen darbejiya da na turare ba sa yin sallama kafin su karye.

Rumfar kwano ma ba mafaka ba ce. A tuna da gidan kallon ƙwallo. A watan Mayu ne wasannin Turai ke zuwa ƙarshe, daidai lokacin iska, kuma lokacin ne gidajen kallo ke cika maƙil. Yawancinsu kwano ne aka kafa da katako, ƙofa ɗaya, ga dogon ƙarfen tauraron ɗan'adam a sama, ga wayoyi ko'ina. Idan kana ciki ka ji iska ta fara jijjiga kwano, kada ka jira a tashi wasa. Fita tun ƙofa ba ta cushe ba, ka ja abokinka.

Wurin da ya dace shi ne gini mai bango huɗu da rufi mai ƙarfi, kamar masallaci, makaranta, shagon bulo, ko gidan wani da ke kusa. Kada kunya ta hana ka yin sallama a zauren da ba ka sani ba. Mota mai rufin ƙarfe tana kare mutum daga aradu idan an rufe gilasai, amma a tsayar da ita nesa da bishiya da turke da allon talla. Babur da adaidaita sahu ba sa kare kowa.

Wanda hadari ya riska a gona ko a fili, babu gini kusa, ya ajiye fartanya da duk wani dogon ƙarfe, ya sauka daga kan tudu, ya nisanci ruwa. In kuna da yawa ku warwatsu, kada ku dunƙule wuri ɗaya. Tsuguna ka haɗe ƙafafu, kada ka kwanta a ƙasa.

Mata da suka je barka ko biki ko Islamiyya da goyo, su zauna inda suke har ruwa ya wuce. Maigida kuma kada ya yi ta kiran waya yana cewa a dawo yanzu. Ruwan kwata mai gudu, ko tsayinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, balle mai goyo a baya da yaro a hannu. Kuma idan ruwa ya shafe titi ba a gane inda lambatu yake.

Masu ƙoƙarin zuwa jam'i su sani addini ya yi sauƙi a nan. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa a dare mai sanyi da ruwan sama, Manzon Allah (SAW) yakan umarci ladan ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu.

Gyaran gida tun rana na sama

Mu koma kan mai faci. Me ya sa ya so ya hau babur cikin iska? Ba rashin hankali ba ne. Gidansa ne bai shirya ba, shi ya sa hankalinsa ya kasa kwanciya. Mutumin da ya gyara rufinsa, ya kuma gaya wa iyalinsa abin da za su yi, zai iya zama a duk inda hadari ya same shi.

Ga yadda iska ke ɗauke kwano. Tana shiga ta ƙarƙashin baki, musamman a kusurwa, ta ɗaga falle ɗaya, sauran su bi. Idan kuma ƙofa ko taga ta gabas ta buɗe, iska ta cika ɗaki ta turo rufin daga ciki. Saboda haka tun a watan Maris a kira kafinta ya hau ya duba. A sauya katakon da gara ta ci, a ƙara kusa mai hula a baki da kusurwa, a ɗaure katakon rufi da jikin gini da waya mai kauri ko rodi. Jera bulo da siminti a kewaye bakin kwano yana hana iska samun wurin shiga. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi kuwa dabara ce ta wucin gadi, kuma dutsen da ya gangaro a kan mutum yake sauka. Na san kuɗin kusa da ladan kafinta ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. Amma a kwatanta shi da kuɗin bandir ɗin kwano sabo.

Mai ginin ƙasa ya yi yaɓe kafin ruwan fari, ya share indararo, ya buɗe hanyar ruwa ta tsakar gida. Ruwan da ya kwanta a gindin katanga shi ke jiƙa ta har ta zube. A bazara ana kwana a waje saboda zafi, to kada a shimfiɗa wa yara a jikin tsohuwar katanga. A sare reshen da ya rataya a kan ɗaki. Kwata kuma aikin gayya ce, abokan majalisa su ware safiya ɗaya su yashe ta layinsu.

Idan hadari ya taso kuna gida, a fara da mutane. A ƙirga yara, a shigar da tsofaffi ɗakin da ya fi ƙarfi, sannan dabbobi, sannan shanya. A kashe wutar murhu, domin iska na kwasar garwashi ta kai kan danga. A rufe ƙofofi da tagogi, a zauna nesa da gilashi. A cire talabijin da firji daga soket, a cire waya daga caji. Wayar hannu ita kaɗai ba ta jawo aradu, kuma jajayen tufafi ma ba sa jawo ta, amma wutar aradu tana bin wayoyin lantarki da bututun ƙarfe ta shigo gida. A bar wanka da taren ruwa a bakin indararo sai tsawa ta wuce. In an ɗauke wuta, kada a shigar da janareto ɗaki ko zaure don gudun ruwa. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Haka ma kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe.

Bayan ruwa ya ɗauke

Duk wayar lantarki da ka gani a ƙasa, ɗauka akwai wuta a jikinta, ko da unguwa tana cikin duhu. Kada ka taka ruwan da ta faɗa. Tsaya daga nesa ka hana yara zuwa, a sanar da ma'aikatan wuta da mai unguwa. A tsare yara daga kududdufi, a sa musu takalmi saboda kusa da yankan kwano.

Wanda aradu ta taɓa ba ya riƙe wuta a jikinsa. Ana iya taɓa shi nan take, ba sai an jira an kawo nono an zuba ba. Wannan jiran yana cinye mintocin da za a cece shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya ita ce 112, a Nijar kuma 18 ce ta 'yan kwana-kwana. Wanda gidansa ya lalace ya kai rahoto ga mai unguwa, domin a isar da shi ga hukumar agajin gaggawa ta jiha.

Aikin yi

1. Ka ga walƙiya, ka ƙirga 21 kafin ka ji tsawa. Kilomita nawa ne tsakaninka da hadarin? Za ka ci gaba da zama a majalisa?

2. An ji tsawa ta ƙarshe da ƙarfe 5:20 na yamma. Ƙarfe nawa ya kamata a fito?

3. Rubuta jimla uku a kan abin da dattijo ya gaya wa mai faci.

4. Kafin darasi na gaba, kowa ya je wurin da ya saba zama da abokansa, ya duba ginin da ya fi kusa da za a iya fakewa a ciki, ya ƙirga taku nawa ne zuwa ƙofarsa. A rubuto sunan wurin da yawan takun a littafi, a zo da shi aji.