Kurakuran da aka fi yi bayan shan aidin mai tururin nukiliya don cutar tayirod

Tun shekarar 1941, lokacin da Saul Hertz ya fara amfani da shi a Boston, aidin mai tururin nukiliya yana cikin manyan hanyoyin magance tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya, idan aikinta ya wuce kima. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauka cewa da zarar ya haɗiye maganin, ya rabu da cutar ke nan. A cutar Graves, wadda take sa aikin tayirod ya wuce kima, garkuwar jiki ce take ƙera sinadaran TRAb masu ingiza tayirod. Maganin kuwa ƙwayoyin tayirod yake lalatawa, kuma abin da matattun ƙwayoyin suke zubarwa yana ƙara tunzura garkuwar, har adadin TRAb ya hau cikin watanni 3 zuwa 6 na farko kafin ya riƙa sauka a hankali tsawon shekaru.

A ganina, sakaci da idanu shi ne kuskure mafi ciwo. Naman da ke bayan ido yana da irin makamar da TRAb suke kamawa a tayirod, shi ya sa wani zai tashi da safe fatar idonsa a kumbure, yana jin kamar yashi a ciki, ko yana ganin abu biyu-biyu, amma ya ce gajiya ce. Gyaran shi ne a duba idanu tun kafin a sha maganin, wanda yake cikin haɗari a ba shi maganin rage kumburi prednisone na ɗan lokaci, mai shan taba kuma ya daina gaba ɗaya, domin taba tana ƙara haɗarin sosai.

Wasu kuma sukan yi watsi da gwajin jinin da ake yi bayan mako 4 zuwa 6. Idan aikin tayirod ya faɗi ƙasa aka makara wajen fara levothyroxine, wato maganin da ke maye gurbin sinadarin da tayirod take fitarwa, idanun ma suna ƙara tsananta.

Mace ba ta shan wannan magani tana da ciki ko tana shayarwa, kuma ana so ta jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata 6. Ko bayan shekaru, idan ta samu ciki, ta sanar da likita tarihinta domin a auna TRAb, tun da sukan ratsa mabiyiya su ingiza tayirod ɗin ɗan tayi, ko da nata ya daina aiki.