Matakan kai ƙarar alƙali a Yamai

1. Tantance damuwarka tukuna. In hukunci ne bai yi maka daɗi ba, ɗaukaka ƙara za ka yi, kotunanta na Yamai, Damagaram da Tawa. Cin hanci ko son kai daban ne.

2. Tara hujja: rana, lambar shari'a, shaidu. Nan mutane ke faɗuwa, don "an ce" ba ta kama alƙali, sai ma ta jawo maka tuhumar ƙazafi.

3. Rubuta koke, ka sa hannu, ka kai ofishin ministan shari'a. Riƙe kwafi.

4. Sufetocin ma'aikatar su bincika. Ladabtarwa kuwa aikin majalisar ƙoli ta alƙalai ne, daga gargaɗi har kora.